Ba Su Yage Ledar Ba

Yau babu doguwar gaisuwa, 'yan'uwa, bakina ɗaci yake yi. Masu cika mini waya da "Auta, yaushe za mu sha biki?" ku ɗan saurara mini tukuna. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, ya matso in kama masa hannu, ba na son barin kowa a hanya.

Ni ce autar gidanmu, da Auta kuma kowa yake kirana, har mai gyaran famfo. Mu uku muka rage: ni, da Umma, da Yaya, malamin makaranta, wanda ba ya haɗa kalma biyar sai an matsa masa. Baba ya rasu shekara biyu ke nan. Mai kula da lambun wata makaranta ne tun ba a haife ni ba, kuma a ƙofar gidanmu akwai tsamiyar da ya dasa da hannunsa shekarar da ya auri Umma. Wata huɗu da rasuwarsa aka zo faɗaɗa titi. Ranar Litinin aka shafa mata jan fenti, ranar Alhamis aka kwantar da ita. Mutanen unguwa suna rububin itacen girki, ni ina durƙushe ina tsince 'ya'yanta daga cikin ƙura. Na ɓare su, na cika gwangwanin madara da iri. Abin da ya rage mini na Baba ke nan, sai 'yar fartanyarsa mai gajeriyar ƙota.

Daga gwangwanin nan ƙungiyarmu ta tashi. Ni da ƙawata Tsinke, wadda ramarta ta jawo mata sunan kuma ba ta taɓa jin haushi ba, muka tara matasan unguwa goma sha biyu. Duk Asabar muna bin magudanar ruwa muna kwashe ledojin ruwan sha da suka toshe ta. Mu wanke, mu yanke baki, mu huda ƙasan sau biyu, mu cika da ƙasa da taki, mu binne iri ɗaya ɗaya. Masu shayi a bakin titi suka sa mana suna masu digirin bola. Umma kuwa cewa take yi, "Na sha wahala kika yi karatu, ashe kwata za ki aura." Duk da haka tsiro ɗari uku da goma sha biyu suka fito a bayan gidanmu, na raine su kusan shekara, na san wanda ya karkace, na san wanda akuya ta taɓa gutsura.

A bakin kwatar nan Injiniya ya same ni. Kamfaninsu ne ya yi titin, amma ba shi ya shafa fentin ba, na bincika kafin in ba shi lambata. Ya tsayar da mota, ya fito da farar riga mai dogon hannu da takalmi yana sheƙi, ya karɓi bokiti daga hannuna ba tare da ya tambayi sunana ba. Takalmin bai sake moruwa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, a wurin nan zuciyata ta tafi. Mai Lambu yake kirana. Umma kuwa tun ranar da ya durƙusa ya gaishe ta, ya gyara mata ƙofar kicin da ta shekara tana kuka, ta gama yanke hukunci.

Shi ya samo mana wurin dashe, gefen sabon titi can wajen gari, rami ɗari uku da goma sha biyu a jere. Kamfaninsu zai haƙa, zai ba da mota, zai gayyaci babban baƙo. Na yi kuka ranar da ya gaya mini. Na ce ashe inuwar Baba za ta dawo, har ta fi ta da tsawo.

Ana gobe dashe, da yamma, ina goge fartanya a tsakar gida, Umma ta fito da tsintsiya a hannu.

"Wannan kuma fa?"

"Umma, gobe ne dashen."

"Gobe ne kuma yayyen Injiniya mata za su zo ganinki. Su zo su tarar da ni da kujeru?"

"Ba za a ɗaga ba? Ko zuwa Lahadi?"

"Ki ɗaga wa? Mutanen da suka nemi izini a wurin aikinsu? Itace ba ya gudu, Auta. Miji yana gudu."

Na kalli Yaya, ya sunkuyar da kai cikin takardun ɗalibansa. Na kira Injiniya, ya yi dariya ya ce, "Bar mini komai, Mai Lambu. Ke dai ki yi musu kwalliya."

To, sai na zauna a dokin ƙofar kicin na yi masa saƙon murya. Minti uku da daƙiƙa goma sha biyu. Na gaya masa abin da Baba ya koya mini ina 'yar shekara bakwai: a sa reza a yanka leda daga ƙasa zuwa sama, a cire ta gaba ɗaya, a warware saiwar da yatsa a hankali, sannan a saka a rami. Na ce leda ba ta ruɓewa, idan aka binne tsiro da ita saiwa ba za ta sami hanya ba, ruwa zai kwanta ya kashe shi. Sau uku na maimaita. A ƙarshe na ce, "Don Allah, na Baba ne." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya turo mini hoton jar zuciya, a ƙasa ya rubuta: An gama, ranki ya daɗe. Ni sakarai har murmushi na yi, ban ma lura da lissafin ba.

Washegari na sa doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a wuya, na zauna a falo ina zuba wa mata uku shayi, suna duban yatsuna. Babbar ta ce, "An ce kina son shuke-shuke. Ai zai ƙare idan kin shiga ɗaki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Wayata tana ta motsi a ƙarƙashin mayafi. Hotuna ne: yaranmu a jere da korayen huluna, babban baƙo riƙe da shebur mai kintinkiri, Injiniya yana tafi. Tsinke ta rubuto cewa kafin su isa leburorin kamfani sun gama dashe tun da sassafe, uku kawai aka bar musu a gindin allon sanarwa don ɗaukar hoto. Na amsa mata da cewa sun hutar da mu.

Ga laifina, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Wata biyu suka wuce ban taka wurin da ƙafata ba. Sau biyu Injiniya ya kai ni a mota, gilashi a rufe, sanyi yana busawa, ina hango sandunan kariya suna wucewa ina jin daɗi. Damina ce, na ce sama tana yi mini ban ruwa. Hankalina yana kan tela da kalar labule.

Larabar nan ina shagon buga takardu inda nake aiki, saƙon Tsinke ya shigo. Hoto ne, babu gaisuwa. Tsiro ne ganyensa ya yi rawaya, rabi ya zube. Sai wani hoton. Sai wani.

Na rubuta: Ina ne nan?

Ta rubuto: Titin Baba. Ki zo da fartanya.

Na ce wa mai shago kaina yana ciwo. Na biya gida na ɗauki fartanya, na hau mota har ƙarshen layi, na ƙarasa da ƙafa. Tsinke tana zaune a kan dutsen gefen titi, ta cire takalmi, idonta ja. Uku na gindin allo kore shar, har sun yi sabon toho. Daga na huɗu zuwa iyakar ganina kuwa, sanduna ne tsaye da busassun rassa.

"Waɗannan ukun ni na dasa," in ji ta. "Ni na yage musu leda."

Na durƙusa a gindin na huɗu na fara tono. Sara uku fartanya ta taɓa wani abu mai santsi. Na sa hannu na jawo. Ledar tana nan yadda na cika ta da hannuna, har rubutun kamfanin ruwan bai goge ba. Na yaga ta, wani wari ya bugo ni. Saiwar ta zagaya ta sake zagayawa, ta nannaɗe kamar gammo, ta yi baƙi, tana narkewa a yatsuna. Wannan shi ne wanda akuya ta gutsura, na gane shi da tabonsa.

Na tono na biyar, na shida, na goma. Tsinke tana cewa, "Ya isa, Auta, ya isa," ni ina tono. Motoci suna wucewa suna watso mana ruwan kwalta. A na goma sha takwas na sami wanda saiwarsa ta dace da hudar da na yi, ta zura ta fita, yana da sauran rai. Na yanke masa ledar da bakin fartanya na mayar da shi. A nan na zauna a cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sare uwarsu.

Tsinke ta ce idan muka tono duka cikin kwana uku ko huɗu, watakila a tsira da wasu. Yaran ba su da lokaci sai Asabar. Ta faɗi ranar, sai ta kalle ni, don ta san abin da ke Asabar. Ranar ce kawunnan Injiniya za su zo wurin Yaya a tsayar da magana.

Alhamis da yamma Injiniya ya zo gida. Riga ruwan sararin sama, turaren nan nasa ya riga shi shigowa. Na ajiye ledar da na tono a kan teburin falo, a kan ƙyallen da Umma ta saƙa.

"Subhanallahi. Mene ne wannan?"

"Na huɗu daga allo."

Ya juya ta da ɗan yatsa. "Leburorin nan. Wallahi na ce su yi da kyau. Baƙon awa ɗaya ya ba mu, shi ya sa na ce su gama kafin gari ya waye. Amma ai leda ruɓewa take yi a ƙasa, ko?"

Mutumin da ya gan ni ina zaro ledar shekara biyar daga kwata yake tambayata ko leda tana ruɓewa.

"Ka saurari saƙona?"

"Wane?"

"Na ana gobe dashe."

"Haba, na saurara mana."

Na buɗe wayata, na yi ta ja sama, na wuce hotunan zobe, na wuce na kujeru, na wuce barka da safiya sittin. Ga shi nan. Kun san ɗan makirufon da ke gefen saƙon murya, wanda yake komawa shuɗi idan an saurara. Nawa yana nan ruwan toka. A ƙasansa ga jar zuciya. Na miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya shafa ƙeya. "Minti uku ne fa, Auta. Ranar ina tsakiyar aiki, na ce zan ji daga baya." Ya matso. "Ki yi haƙuri. Na yi kuskure, na amsa. Akwai inda ake sayar da tsiro masu saurin girma, wata shida sun fi ki tsawo. Zan kawo miki dubu. Mota guda, ki dasa har ki gaji."

"Na wace bishiyar?"

"Duk wadda kike so."

"Wadda nake so an yi girki da ita."

Bai gane ba. Wallahi bai gane ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mugu ne da na huta, in zage shi in rufe ƙofa. Mutum ne mai kirki wanda yake son ganina ina murna, amma bai taɓa tsayawa ya ji abin da nake murna da shi ba. Ya tafi yana cewa zai turo mini hotunan tsiron in zaɓa, kuma kafin ya kai bakin titi ya turo.

Umma tana bayan labule, ta ji komai. Ta shigo ta ɗauke ledar daga kan ƙyallenta da yatsa biyu.

"A kan wannan ƙazantar kike ɗaga wa mutum murya?"

"Umma, na Baba ne."

"Na san na wane ne. Ni na riƙe masa bokiti ranar da ya dasa ta." Ta karkaɗe ƙyallen. "Ya ba ki haƙuri ko bai ba ki ba?"

"Ya ba ni."

"To me kike nema? Namiji ya ce ya yi kuskure da bakinsa, kin san mata nawa ne suka tsufa ba su ji wannan ba?"

Na juya wurin Yaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ba mugu ba ne, Auta." Kalma biyar cif, ya mayar da tabarau.

Na karɓi ledar daga hannun Umma na kai ɗakina, na sa a cikin gwangwanin madarar da babu ko ƙwayar iri ɗaya a cikinsa yanzu.

Juma'a ban ci komai ba. Na yi ta tunanin yaran nan goma sha biyu. Shekara guda suna zura hannu a kwata, ana yi musu dariya, ni ina ce musu ku daure, wata rana 'ya'yanku za su zauna a inuwar nan. Biyu sun riga sun fita daga zauren hirarmu na waya. Ɗaya ta rubuta kafin ta fita: Dama an ce mana hoto kawai ake so. Ni ma ranar hoton ina falo ina zuba shayi.

Yau Asabar. Tun safe Umma ta goge mini rigar da tela ya kawo, koriya mai zaren zinariya a hannu, Injiniya ne ya zaɓi kalar, wai don ta dace da Mai Lambu. Ta ɗaura mini ɗankwali da kanta, ta sa mini 'yan kunnenta na aure, ta fesa mini turare har na yi tari. An share falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa, an jera lemo da biskit a babban faranti.

Ƙarfe goma Tsinke ta rubuto: Mu bakwai muka zo.

Goma da rabi: Mun tono arba'in. Biyar ne da rai.

Sha ɗaya saura: Saiwar tana karyewa a hannunmu. Ke kika iya warware ta. Kina zuwa?

Na tsaya a gaban madubi ina kallon wata mace mai koriyar riga. Sai na cire takalmi mai tsini, na zura silifas, na ɗauki reza da fartanya, na bi ta kicin zuwa ƙofar baya.

Umma tana zaune a kan kujerar tsuguno, ta jingina da ƙofar. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na wuce. Ta kalli fartanyar, ta kalli silifas, ta ce a hankali, "Uban naki ya mutu. Itacen ya mutu. Ni ce ban mutu ba, Auta. Ki fita in kin ga dama, ni zan shiga in gaya musu."

Ban taɓa ganin tsufanta ba sai yau. Wuyanta ya saki. Na ajiye fartanyar a jikin bango. Na koma ɗaki. Na rubuta wa Tsinke: Ba zan iya ba. Ta karanta, ba ta amsa ba.

Sha ɗaya da kwata mota ta tsaya a ƙofar gida, daidai kan simintin da ya rufe kututturen tsamiya. Na leƙa ta taga. Dattawa biyu suka fito, Yaya ya tarye su ya shigo da su. Injiniya ya zauna a mota yana jira, ya sauke gilashi, ya ɗauko waya. Ina kallonsa yana ja sama, yana ja sama. Sai wayata ta nuna mini ɗan makirufon ya koma shuɗi.

Na ce a raina, yau dai zai ji. Wata biyu da kwana huɗu, amma zai ji.

Sai muryata ta fito daga lasifikar motar, ta shigo har ɗakina. Ban gane ta ba da farko. Siririya, tana gudu, kalma tana hawa kan kalma. Ya danna mata saurin nan na ninki biyu. Reza, leda, saiwa, duk suka wuce a guje. "Don Allah, na Baba ne" ya fita kamar kukan ɗan tsako. Ya gyaɗa kai, ya ajiye wayar, ya duba gashin bakinsa a madubi. Saƙo ya shigo mini: Na ji yanzu. Kin yi gaskiya, Mai Lambu. A ƙasa, jar zuciya.

Yaya ya ƙwanƙwasa ƙofata. "Suna son ji daga bakinki."

Na mayar da takalmi mai tsini. Na gyara ɗankwali. Na buɗe gwangwanin madara na ɗauko ledar, da ƙasarta da baƙar saiwarta da warinta. A kicin na matsar da kofuna biyu gefe, na ajiye ta a tsakiyar farantin, tsakanin lemo da biskit, na rufe da farin ƙyalle. Farantin ya yi nauyi, kofuna suna ƙara a hannuna.

Umma ta ɗaga mini labulen falo, tana murmushi, ta ce, "Ga ta nan." Babban kawun ya gyara zama, ya miƙo hannu zai ɗage ƙyallen.